Gyaɗa Mai Ƴaƴa Uku

Yayana ya dawo daga kudu da saniya ɗaya. Da garken gidanmu gaba ɗaya ya tafi, har da shanun da kakanmu ya bari, a shekarar babban fari, lokacin da ƙasarmu ta wajen Yekuwa ta zama fili fetal, babu ko tsinken ciyawa. Baba ne ya ce ya tsallaka iyaka da su ko Allah zai sa a dace. Wata biyar ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ran da ya iso, bazara ta kama, ina zaune a ƙofar gida sai na ga wani dogon mutum yana jan wata jar saniya duk haƙarƙarinta a waje. Har na tashi zan ce masa Baba ba ya nan. Sai da ya yi magana na gane shi. Shekaruna sha ɗaya a lokacin, shi kuwa bai wuce ashirin ba.

Babu wanda ya ce masa don me. Baba cewa ya yi, "Dukiya ta Allah ce, Shi ya bayar, Shi ya karɓa. Tunda ka dawo da ranka ai ka dawo mana da komai." Inna ta yi kuka ta yi godiya. Maƙwabta suka yi ta zuwa jaje, kowa da labarin nasa garken, don ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Amma Yaya bai yafe wa kansa ba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙarshen rumfar tsakar gida, ya juya fuskarsa ga darni, ya daina cin abinci.

Ba fitowa fili ya yi ya ce ba zai ci ba. In an kai masa zai karɓa, ya yi bisimilla, ya taɓa da baki, sai ya tura wa Auta, ƙanwarmu ƴar shekara shida. Abincin ma me ne ne? Kunun jar dawa ta taimako, wadda Baba ke samowa a Magaria in an yi rabo, sai dilo, ƴaƴan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. In Inna ta matsa masa sai ya ce, "Inna, wanda ya zubar da nono ba shi da bakin neman fura. A ba yara." Baba ya yi faɗa har ya gaji. Malam ya yi rubutu, wannan kam ya shanye, don ba rabon kowa ba ne. Barci ma ba ya yi. Kullum sai ƙara zama ƙashi yake. Wata rana na ji Inna a madafa tana cewa in haka ta ɗore yaron nan ba zai ga damina ba. Tsoro ya kama ni, daga baya tsoron ya koma haushi, don haka halina yake har yau.

Wadda Inna ke gaya wa wannan magana ita ce Goggo, yayar Baba. Mijinta ya rasu, ta dawo gidanmu da ɗanta guda, sa'ana. Shi ɗan mace, ni ƴar namiji, taubasai ke nan, kullum muna cikin tsiya da tsokana. Shi ma Goggo yake ce wa uwar tasa, don a bakinmu ya ji. Gajera ce mai kaifin ido, ba ta da yawan dariya, amma in ta buɗe baki da labari ko akuya sai ta tsaya ta ji.

Ita ce ta ɓoye irin gyaɗa. Tun kafin abubuwa su taɓarɓare ta cika tuluna ta liƙe bakinsu da taɓo, ta ce duk wanda ya taɓa su ita da shi ne, ko da Baba ne. Da aka fara hango hadari can gabas sai ta fasa liƙin, ta ce a soma ɓara, kaɗan-kaɗan kullum. To ga yara uku masu jin yunwa, ni da taubashina da Auta, a sa su ɓarar gyaɗa a ce kada su ci. An ba kura ajiyar nama ke nan. Goggo ta san da haka. Dabararta ita ce kada bakinmu ya huta, domin bakin da ke magana ba ya tauna. Tatsuniya ba za ta yi ba, tunda mai yin ta ne kaɗai ke magana, ga shi kuma ba a yin ta da rana. Sai ta ƙirƙiro wani wasa da muka riƙa ce wa Tafiya.

Takan share ƙasa a gabanta, ta zana hanya da yatsa, ta ajiye tsakuwa uku, mu ke nan. Mu matafiya ne, an aike mu neman rijiyar da ba ta ƙafewa. Ita ce dajin, ita ce kura, ita ce tsohuwar da za mu tarar a bakin hanya, ita ce komai in ban da mu. Sai ta ce, "Ga ku a bakin kogo, ana nishi a ciki. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da zai yi, hannu yana ta ɓara. In abin mai wuya ne sai ka ɗebi ɓawon gyaɗa huɗu ka watsa. In uku ko huɗu suka faɗi a buɗe, ka yi nasara. In suka kife, sai yadda Goggo ta yi da kai. Baba ya taɓa tsayawa a kanmu ya ce wa Goggo, "Yaya, wannan ba caca ba ce kuwa?" Ta ce masa in ya ga dala a kan tabarmar ya ɗauka, tasa ce. Ya wuce abinsa.

Ban da ɓawo, kowannenmu yana da baiwa guda wadda ba ta tashi a banza, sai dai sau ɗaya ake amfani da ita a rana. Taubashina maharbi ne mai layar zana, in ya taɓa ta babu mai ganinsa. Ni ƴar fatake ce mai jin maganar tsuntsaye, ina iya yi wa tsuntsu tambaya ɗaya ya gaya mini gaskiya. Auta kuwa da aka tambaye ta me take so, cewa ta yi ƙwarya mai cika kanta da fura. Goggo ta ce ta ba ta. Alamar baiwa ita ce gyaɗa mai ƴaƴa uku, wadda ba a cika samu ba, don irin tamu ƴaƴa biyu take yi. Kowa da tasa a hannu. In ka kashe baiwarka sai ka miƙa wa Goggo gyaɗar ta ƙulle a bakin zanenta, sai gobe.

Goben nan ita ta jawo rigima. Wata rana gab da faɗuwar rana ɓarayin daji suka ritsa maharbi. Ya riga ya kashe layarsa tun la'asar wajen satar ƙwan jimina, abin da babu wanda ya aike shi. Ya watsa ɓawo sau biyu, duk ya ƙi shi. Ana haka aka kira magariba. Sai ya miƙa hannu, ido a bushe, ya ce, "Goggo, ba ni gyaɗata, gobe ta yi."

Ta ce, "Gobe ta yi a garin wa?"

Ya ce, "Malam ya ce sabuwar rana daga magariba take kamawa. Ba shi ya sa yau Alhamis amma ake cewa daren Juma'a ba?"

Gaskiyarsa ce kuma, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ni kaɗai aka kama a gidanmu aka sa lakwal, wato makarantar boko, kuma ko da yake a shekarar an sallame mu da wuri saboda yara sun watse, ban bari kowa ya manta ba. Na ce, "Ƙarya kake. Mushe, malaminmu na lakwal, ya ce sai ƙarfe sha biyun dare rana ke sauyawa."

Ya ce, "To ƴar nasara, ɗauko mana agogon naki mu duba."

Auta ta ce ita dai ta san gobe ba ta yi sai zakara ya yi cara. Zakaranmu kuwa tun watan jiya aka kai shi kasuwa. Taubashina ya ce ashe a gidan nan gobe ta ƙare ke nan. Goggo ta kore mu mu je mu yi alwala, ta bar maharbi a hannun ɓarayi ya kwana.

Da safe ta yanke hukunci. Ta ce, "Rijiyar bakin gari, in mata suka janye ruwanta ƙarƙaf da yamma, kiran salla ne ke cika ta? Ko agogon mushe? Barinta ake yi ta kwana ta tara. Baiwa ma haka take. Ba ta dawowa sai ga wanda ya kwana."

Mai hali ba ya barin halinsa. A ranar, da azahar, taubashina ya kashe layarsa, ya miƙe a kan tabarma, ya yi minshari guda biyar irin na tsohon jaki, ya tashi yana miƙa ya ce ya kwana. Goggo ta talle masa ƙeya. Ta ce, "Kwana na gaske nake nufi, wanda ake karya kumallo a bayansa. Kuma a gabana za a karya, in ga ludayi ya shiga baki, sannan in kwance bakin zane." Da take faɗin haka na ga ta ɗan karkata ido wajen ƙarshen rumfa, inda Yaya ke kwance. Ban kawo komai a raina ba.

Shekarun baya na tarar da jikokina a Damagaram sun kewaye tebur da wani littafi mai kauri da ƴan duwatsu masu lamba, suna wasa kusan irin namu. Gardama suke kamar za su cinye juna, wai yaushe ƙarfin ɗan wasa ke dawowa, da fitowar rana ne ko sai ya huta. Na ce musu wannan shari'a an yanke ta tun ba a haifi iyayensu ba, kuma alƙaliyar ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Suka dube ni kamar na faɗo daga sama.

Yadda Yaya ya shigo Tafiya kuwa, ni ce sanadi. Matafiya sun tarar da wata saniya kwance a daji, ta kwana uku ba ruwa, mu kuma muna da salka cike. Goggo ta ce me za mu yi. Na ce zan zuba mata ta sha ta ƙoshi.

"Za ki kashe ta."

Daga wajen darni maganar ta fito. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Jiƙa mata baki ake fara yi. Sai a ba ta kaɗan, a dakata, a ƙara."

Goggo ba ta dube shi ba. Ta ce, "Wa ke magana? Ni ba na jin muryar wanda ba ya cikin tafiya." Ta lalubo tsakuwa ta huɗu ta ajiye a gefen hanya. "Ga dai wani makiyayi can zaune a gindin gawo. Ko zai bi su, ko ba zai bi su ba, oho."

Kwana biyu tsakuwar tana nan inda take. Amma Goggo sai ta yi ta jefa mu cikin abin da makiyayi ne kaɗai ya sani: sawun da ba mu gane ba, ciyawar da ke kumbura ciki, wace ƙasa ake tona a sami ruwa. Mu kuwa sai shirme muke zubawa, yana gyara mana daga kwance, yana tsaki. A rana ta uku ya juyo ya fuskance mu. Goggo ta jefa masa gyaɗa mai ƴaƴa uku a kan tabarmarsa, ta ce, "Baiwar makiyayi kira ce. Duk abin da ya ɓata, in ya kira shi zai dawo. Sau ɗaya a rana."

Ba kowa ne zai iya danna yatsa a kan gyambo haka ba. Yaya ya daɗe yana kallon gyaɗar. Sai ya ɗauka. A ranar, a cikin Tafiya, guguwa ta ɗauke ƙwaryar furar Auta, yarinya ta fashe da kuka na gaske, da majina da komai. Ya ce a hankali, "Na kira ta." Goggo ta ce ga ƙwarya nan ta gangaro har gaban mai ita. Ya miƙa gyaɗar, ta ƙulle.

Washegari muka sha kunu a gabanta, ta ba kowa tasa. Yaya ya tura nasa kunun ga Auta kamar kullum. Da aka soma Tafiya muka iso wani daji mai duhu wanda ko tsuntsu ba ya shiga. Maharbi ya ce a zagaya. Ni kuwa tunda shi ya faɗa, na ce sai na ratsa. Na watsa ɓawo, huɗun duka suka kife. Goggo ta ce, "Ƴar fatake ta ɓata." Ta ɗauki tsakuwata ta kifa faifai a kanta. Wanda ya ɓata ba ya magana, wanda ba ya magana kuma ba a barinsa kusa da gyaɗa. Aka miƙo mini kaba aka ce in koma gefe in tufka igiya. Har yau ban sani ba ko Goggo ta shirya abin ne. Ɓawon dai da hannuna na watsa shi.

Yaya ya miƙo hannu ya ce, "Goggo, gyaɗata."

Ta ce, "Ka kwana?"

Ya janye hannunsa.

"Ka karya?"

Ya ce, "Goggo, wasa ne fa."

Ta ce, "Wasa ne. Wasan ma da dokarsa. Ɗan da na haifa bai sami alfarma ba, kai ma ba za ka samu ba."

Kwana uku ina ƙarƙashin faifai. Ina gefe ina tufka, ina jin su suna haɗuwa da aljanu masu sayar da gishiri, da kunkuru mai gemu, ni ba bakin magana. Taubashina in ya wuce sai ya ƙwanƙwasa faifan ya ce, "Salamu alaikum, masu gida suna nan?" Kullum da safe in zuba wa Yaya ido, kullum ya tura ƙwaryarsa. A rana ta uku, bayan la'asar, ya sake miƙa hannu, Goggo ta sake yi masa tambayoyinta biyu, ya sake janye hannunsa. Ban san lokacin da na yar da kabar na miƙe ba.

Na ce, "Ludayi uku ne fa, Yaya! Shanu ka bari suka mutu a daji, yanzu ni ma za ka bar ni?"

Magana zarar bunu ce. Tana fita na so in kamo ta, ina! Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu ta yo kaina, Goggo ta ɗaga mata hannu. Yaya ya dafa ginshiƙin rumfa ya miƙe da ƙyar, ya fita ta ƙofar baya bai dubi kowa ba. Can Goggo ta ce, "Tashi ki bi shi. Ban da haƙuri kada ki ce komai."

Na same shi a makwantar shanu, zaune a tsakiyar turaka, babu komai ɗaure a jikinsu. Jar saniyar tana can gindin gawo tana lasar ƙasa. Na durƙusa na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ban bar su ba." Ba ni yake kallo ba, turke yake kallo. "Kowace da sunanta, kin sani. Da safe in na kira sai su amsa daga kwance. Su ɗaga kai, su kafa gwiwa, su koma. In kama wutsiya in ɗaga, mu faɗi tare. Gobe in sake kira, masu amsawa sun ragu. Da ba su amsa ba da ya fi mini sauƙi. Yanzu in na rufe ido su nake ji, shi ya sa ba na rufewa."

Na yi ta kuka. Goggo ta ce kada in ƙara komai, amma ni ban taɓa iya riƙe bakina ba. Na ce, "To ni in ka kira zan tashi. Ƙafata lafiya lau take."

Ya juyo ya dube ni, ga hawaye ga majina, ga tsinken kaba a kaina. Wani abu ya fito daga ƙirjinsa, ba dariya ba ce sosai, amma ƴar'uwarta ce. Ya ce, "Ke dai kin cika masifa. Tashi mu tafi."

Da safe muna jere a gaban Goggo sai ga shi ya zo ya zauna a ƙarshen layi, dogayen ƙafafunsa har sun wuce tabarma. Ba ta nuna mamaki ba. Ta miƙa masa ƙwarya, ya sha ludayi ɗaya, biyu, uku, yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Ya ajiye ya miƙa hannu.

Ta ce, "Barci fa?"

Ya ce, "Ban samu ba."

Ta ce, "To rabi ka yi."

Ya ce, "Haba Goggo! Wannan ai zalunci ne!" Da ƙarfi ya faɗa, har kajin maƙwabta suka watse. Tun dawowarsa ba mu ji ya ɗaga murya ba. Daga madafa na ji Inna ta ce alhamdu lillahi.

Goggo ta ce, "Barci ba ya sauka a cikin da babu komai. Ka ci na rana, ka ci na dare, mu ga abin da Allah zai yi."

Don haushi ya ci. Dilon rana ya cinye yana hararar ta, tuwon dare ma haka. Washegari har hantsi ya ɗaga yana kwance bai motsa ba, Baba ya ce duk wanda ya tashe shi zai gamu da shi. Muka zauna muna jira ba mu soma ɓara ba. Taubashina ya kasa kunne ya ce lalle wannan minsharin ya fi nasa kama da na gaske.

Da ya tashi ya yi salla ya sha kunu, Goggo ta kwance bakin zane ta ba shi gyaɗarsa. Ya mayar mata nan take ya ce, "Na kira ta."

Ta ce, "Ban ji ba. Dajin nan da nisa. Yadda ake kira za ka kira."

Na zaci zai ƙi. Sai ya miƙe tsaye, ya dafe kunne da hannu ɗaya, ya yi irin kiran da yake yi wa garke da yamma. Na farko muryar ta karye a tsakiya. Ya sake, wannan karon ta miƙe har ƙarshe. Daga bayan darni jar saniyar ta amsa. Babu wanda ya yi dariya, har taubashina. Goggo ta ɗaga faifai ta ce, "Ga ƴar fatake nan ta fito, duk ƙaya a zanenta, tana ta faɗa da itatuwa."

Daga ranar kullum sai wani abu ya ɓata a Tafiya, yau bakan maharbi, gobe takalmin Auta, jibi maharbin kansa. Makiyayi ba shi da ranar hutu, don haka kullum da safe yana ƙarshen layi. Ba dare ɗaya ya warke ba. Akwai ranakun da barcin ya ƙi, Goggo kuma ta hana gyaɗar, su yi ta cacar baki. Amma wuyansa ya fara cikowa. Yaya ya ga damina, shi ya yi mana saran shuka a shekarar, ya ga damuna da yawa bayanta, ya sake tara garke daga jar saniyar nan da ƴan awaki. Duk wannan, bayan ikon Allah, aikin Goggo ne, kuma ina gode mata har cikin raina. Ban taɓa faɗa mata da baki ba, don a gidanmu yaro ba ya zaunar da babba ya yi masa irin wannan godiya. Allah ya jiƙanta. Sai dai akwai safiya ɗaya da nake ganin mun ɗan kamanta.

Wajen kwana goma ke nan da kiran. Mun sha kunu, mun karɓi gyaɗunmu, Goggo ta fara share ƙasa. Yaya bai taɓa nasa ba tukuna, yana ta kallon ƙwaryar. Inna ludayi uku-uku take auna wa kowa, amma nasa ya kai shida, kuma Goggo ce ke ɗauko ƙoren daga madafa. Makiyayi ba ya rasa gane dabbar da ba ta kiwo a cikin garke.

Ya ce, "Goggo, ke wa yake ganin naki ludayin?"

Ta ce, "Na sha a madafa."

Ya dubi Inna da ke tsaye a bakin ƙofa. Inna ta sunkuyar da kai.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata gyaɗa mai ƴaƴa uku, wadda ya tsinta a ɓarar jiya ya ɓoye. Ya ce, "Mai ba da labari ma baiwa gare ta, kullum kuma sai ta kashe ta. Ban ga ranar da ta karya a gabanmu ba."

Ta ce, "Kai, yaro, ni na kafa dokar nan."

Ya ce, "Ai shi ya sa."

Taubashina, wanda ya daɗe yana jiran irin wannan rana, ya ce, "Doka ce, Goggo, ba alfarma." Amma shi ma sai a lokacin ya dubi uwarsa da kyau. Na ajiye gyaɗata a ƙasa. Auta ta ga na ajiye, ita ma ta ajiye tata. Yaya ya tura ƙwaryar gaban Goggo.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya da idon nan nata, babu wanda ya kau da kai. Sai ta ɗauki ludayin. Da ta ɗaga hannu munduwarta ta zame daga wuyan hannu ta tafi har gwiwar hannu, babu abin da ya tare ta. Ta sha uku, muna ƙirgawa da ƙarfi yadda take yi mana. Yaya ya ɗora gyaɗar a tafin hannunta. Ta goge baki da bakin zane, ta ƙarasa share ƙasar, ta ce, "To, jiya a ina na bar ku?"